POWER MIKE: BAKANIKEN KANO DA YA ZAMA ZAKARAN KOKAWAR AFIRKA

GABATARWA

Hausawa na cewa, kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. Wannan magana tana da gaskiyarta, amma ba ta hau kan marubuci ba, domin kuwa shi tuna bara yana cikin sana'arsa. Idan bai tuna ba, babu mai tuna wa jama'a, kuma abin da aka daina tunawa ya bi ruwa ke nan.

Duk wanda ya yi ƙuruciyarsa a Jushi, ko Sabon Gari, ko Samaru, cikin shekarun 1970 da 1980, ya san wani suna da ake laƙaba wa yaron da ya cika ƙarfi. Idan yaro ya sungumi buhun da ya fi shi nauyi, ko ya kayar da wanda ya girme shi a bayan makaranta, sai ka ji an ce, "Kai, Fawa Mayik!" Wannan fawa ba ta mahauta ba ce. Sunan wani mutum ne, Power Mike, harshenmu ya lanƙwasa shi yadda zai ji daɗin faɗa. A yau ka shiga ajin sakandare ka ambaci John Cena ko Roman Reigns, yara za su ba ka labarinsu har da na iyayensu. Ka ambaci Power Mike, sai su yi ta kallon juna. Alhali kuwa shi ɗan ƙasar nan ne, kuma a nan kusa da mu, a Kano, ya samo sunan da duniya ta san shi da shi.

Manufar wannan maƙala ita ce ta bi sawun rayuwar wannan bawan Allah daga farko har ƙarshe, ta auna abin da ake faɗa game da shi da ma'aunin gaskiya, sa'an nan ta duba abin da mu masu riƙe da alƙalami za mu tsinta a ciki.

ASALINSA DA ƘURUCIYARSA

Sunansa na yanka Michael Okpala. An haife shi ranar 8 ga watan Agusta, 1939, a garin Neni, wanda a wancan zamani yake cikin Lardunan Gabas, a yau kuma yake cikin Ƙaramar Hukumar Anaocha ta Jihar Anambra. Ya yi firamare a wata makarantar mishan da ke Adazi-Enu, maƙwabciyar garinsu, kuma tun a can aka ga alamar cewa jikinsa ya fi son filin wasa.

Ya kamata mai karatu ya sani cewa kokawa ba baƙuwa ba ce a ƙasar Ibo. Kamar yadda samarinmu ke fita fage da kaka, bayan an kai amfanin gona gida, haka su ma suke da tasu ta gado, wadda ƙauye ke karawa da ƙauye. Duk wanda ya karanta littafin Chinua Achebe, Things Fall Apart, wanda ya fito a 1958, zai tuna cewa tauraron littafin, Okonkwo, da kokawa ya fara yin suna, sa'ad da ya kayar da wani gwani mai laƙabin kyanwa, wanda bayansa bai taɓa taɓa ƙasa ba. Garin su Achebe, Ogidi, da garin su Power Mike duk jiha ɗaya suke. Wato ke nan yaron ya tashi ne a inda ƙarfin damtse yake sayo wa mutum daraja, ko da ubansa ba kowa ba ne.

Da ya gama firamare a 1952, sai aka tura shi Anaca koyon kasuwanci, kamar yadda al'adar mutanensa take: yaro ya zauna a ƙarƙashin ubangida, ya yi masa hidima shekaru, daga baya a sallame shi da jari. A Anaca ne ya shiga wata ƙungiyar damben zamani mai ɗauke da sunan Dick Tiger. Shi wannan Dick Tiger, wanda sunansa na gaskiya Richard Ihetu, shi ne gwarzon da Michael ya ɗauka abin koyi. Bai kuwa zaɓi banza ba, domin a 1962 Dick Tiger ya doke Ba'amurke Gene Fullmer ya karɓi kambun duniya na ajin matsakaita nauyi, kuma a watan Agusta na 1963 ya sake lallasa shi a filin wasa na Liberty da ke Ibadan. Kafin shi ma Hogan Bassey ya ci kambun duniya a birnin Faris a 1957. Saboda haka samarin wancan lokaci sun ga zahiri cewa ɗan talakan Nijeriya yana iya fita da ƙarfinsa kaɗai ya dawo da suna.

ZUWANSA KANO

Daga Anaca sai Kano, cikin shekarun 1950. Abin da ya kawo shi shi ne koyon cinikin taya, daga nan kuma ya shiga koyon kanikanci. Wanda bai san Kanon wancan zamani ba zai ce me ya haɗa yaron Neni da taya a Kano? Amsar tana cikin dalar gyaɗa. Tun da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 garin ya zama matattarar gyaɗa da fatu da kiraga, kuma manyan motoci ne ke kwaso kayan daga ƙauyuka zuwa bakin tasha, a kan hanyoyin da yawancinsu burji ne. Mota ba ta tafiya sai da taya, hanya kuwa tana cin taya kamar wuta da kara. Mai sayar da taya da mai gyaran mota ba su rasa abin yi.

Masaukin baƙi 'yan kudu a lokacin shi ne Sabon Gari, wanda Turawan mulki suka yanka a wajen ganuwa wajejen 1913, irin dai namu na nan Zariya da ya tsiro a gefen tashar jirgi. Turawa sun yi haka ne don su raba baƙo da ɗan gari, amma kasuwa ba ta san wannan iyaka ba. Direba Bahaushe yana kawo motarsa garejin Ibo, ɗan kamasho Bayarabe yana tsakani, kowa na jin harshen kowa gwargwado.

Aikin gareji a wancan zamani aikin ƙarfi ne tsantsa. Babu injin cire taya, babu na ɗaga inji. Da ƙarfe da guduma ake raba tayar babbar mota da bakin ƙarfenta, da kafaɗa ake tura motar da ta ƙi tashi. Saurayin da ya riga ya sha horon dambe, ya zo ya ɗora da wannan, dole jikinsa ya murɗe. A nan ne Michael Okpala ya gane cewa abin da Allah Ya ba shi ya fi ƙarfin gareji. Ya raɗa wa kansa suna Power Mike, ya fara wasan nuna ƙarfi a gaban jama'a. Yana lanƙwasa ƙusa mai inci 6 da tsurar hannu. Yana fasa kwakwa ba tare da dutse ko adda ba. Yana ɗaga ƙarti huɗu a lokaci guda. Yana kama bakin igiya shi kaɗai, tarin mutane su kama ɗaya bakin, a ja a gani.

A nan akwai abin lura. Mutanen Kano ba yau suka fara kallon irin wannan ba, kuma ba a burge su da arha. Sun saba ganin 'yan tauri suna gilma wuƙa a ciki ta lanƙwashe. Sun saba ganin gardawa da kura a bakin kasuwa. Sun ga mahauta suna hawan ƙaho, sun ga 'yan hoto suna cilla galma sama su tare ta da ƙirji. Wanda zai tara mutane a garin da ke da waɗannan, ya kuma sa su zura hannu a aljihu, lalle sai ya zo da abin a zo a gani. Bambancinsa da su kuwa a fili yake. Ɗan tauri yana jingina abin da yake yi ga magani da asirin da ya gada, shi kuwa Power Mike damtsensa yake nunawa, ya ce ga maganin nan. A ganina Kano ce makarantar da ta koya masa abin da ya fi ƙarfin ma muhimmanci a sana'arsa ta gaba, wato sanin yadda ake riƙe hankalin taro: yaushe za ka ja rai, yaushe za ka nuna kamar abin ya gagare ka, yaushe kuma za ka ƙarasa a yi tafi.

YAWON DUNIYA

A 1961, shekara ɗaya bayan samun mulkin kai, ya ɗauki wasansa ya zaga ƙasa da shi: Anaca, Inugu, Aba, Fatakwal, Legas, Jos da Kaduna. Ba shi kaɗai ke wannan sana'a ba a lokacin, domin akwai irin su Killi-We Nwachukwu da su ma suka yi tashe wajen nuna ƙarfi. Amma shi idonsa yana kan abin da ke bayan iyaka. A 1964 ya shiga Gana, daga nan sai Kwaddibuwa da Sanagal, ƙasar da ita ma kokawa ce babban wasanta. A 1967 ya tsallaka Turai, inda ya sami kwangilar wasa a Suwidin, kafin ya gangara Girka.

A Girka ne rayuwarsa ta sake juyawa. Masu shirya kokawar zamani suka ga wannan baƙin mutum mai ƙirar samudawa, suka ga kuɗi a jikinsa, suka jawo shi cikin sana'arsu. Daga can ya wuce Ingila, inda ya goge sosai. Ingila kuwa a wancan lokaci kokawa tana kan ganiyarta. Kowace Asabar da la'asar gidan talabijin na ITV yana nuna ta a cikin shirinsa na wasanni, miliyoyin mutane na kallo, har da tsofaffin mata da suka yi suna wajen zagin ɗan kokawar da ba sa so. Tsarinsu shi ne a yi wasa turmi-turmi kamar dambe, wanda ya danne kafaɗun abokin karawarsa har alƙali ya ƙirga uku, sau biyu, ko ya murɗe shi har ya ce ya tuba, shi ma sau biyu, ko ya sumar da shi, shi ya ci.

Sai mai karatu ya dubi shekarun nan da kyau. Shekarar da ya isa Turai, 1967, ita ce shekarar da yaƙin basasa ya ɓarke a watan Yuli. Shekara ɗaya kafin nan, a 1966, an yi tarzomar da ta ci rayukan dubban 'yan ƙabilarsa a garuruwan Arewa, har da Kano da Zariya, ta kuma sa Sabon Garin da ya san shi ya watse. Garin da aka haife shi ya faɗa cikin yankin Biyafara. Wato ke nan a daidai lokacin da yake neman suna a ƙasashen mutane, gidajensa biyu, na haihuwa da na sana'a, suna ci da wuta. Wannan ba abin da marubuci zai tsallake ba ne don yana da ɗaci. Tarihi ba a yi masa kwaskwarima.

DAWOWA GIDA

A watan Janairu na 1970 yaƙi ya ƙare, Janar Yakubu Gowon ya yi shelar cewa babu wanda ya ci, babu wanda aka ci. A cikin wannan shekara Power Mike ya dawo Afirka, kuma a cikinta ya kara da Masambula, mutumin Gambiya, ya kayar da shi, aka naɗa shi zakaran Afirka na ajin masu nauyi. Shi Masambula sananne ne ƙwarai a Ingila, inda yakan shigo fage da fatar damisa a kafaɗa, ya kuma kafa kansa a kan ginshiƙin kusurwar dandamali, ƙafafu a sama.

Bayan wannan sai nasarori suka yi ta biyo juna. A 1973 ya kayar da Ali Baba, mutumin Labanan, a karawar da har yau tsofaffi suka fi tunawa. A Legas ya gama da Johnny Kwango, haifaffen Landan, wanda ya yi suna wajen karo da ka kamar rago. Cikin waɗanda suka sha ƙasa a hannunsa akwai Joseph Kovacs da Judd Harris da wani John Tiger na Kanada.

Me ya sa waɗannan nasarori suka shiga zukatan mutane haka? Dalili na farko shi ne lokacin da suka zo. Ƙasa ta fito daga yaƙi, kowa na ɗauke da tabo, ana neman abin da za a taru a yi wa tafi tare. Dick Tiger, wanda a da shi ne abin alfaharin kowa, ya goyi bayan Biyafara a fili, har ya mayar wa Ingila lambar girman da ta ba shi, sa'an nan cuta ta ɗauke shi a watan Disamba na 1971. Gurbin ya zama babu kowa. Sai ga wani Ibo ya fito yana kayar da Turawa da Larabawa da sunan Nijeriya, Bahaushe da Bayarabe suna yi masa kirari. Abin da jawabin shugabanni ke ta faman koya wa mutane, sai ga shi fagen kokawa ya nuna shi a aikace.

Dalili na biyu shi ne kuɗi da talabijin. Shekarun nan su ne na bunƙasar man fetur. An buɗe babban filin wasa na Surulere a 1972, aka yi wasannin Afirka a cikinsa a watan Janairu na 1973. Ƙarin albashin Udoji ya biyo baya, ma'aikata suka sami abin sayen rediyo da babur da akwatin talabijin. Mu nan Arewa muna da gidan talabijin a Kaduna tun 1962, amma sai a waɗannan shekaru ne akwatin ya fara yawaita a gidajen ma'aikatan reluwe da malaman makaranta. Gida ɗaya mai talabijin ya ishi yaran layi guda, wasu a ƙasa, wasu a taga. Ta wannan taga ce kokawar zamani, wadda yara ke kira resilin, ta shigo unguwanninmu.

GASKIYAR MAGANA GAME DA KAMBUN DUNIYA

A nan ne ya kamata mu tsaya mu yi wa kanmu adalci. Kusan duk inda aka ambaci Power Mike, sai a ce zakaran duniya ne na ajin masu nauyi, kuma ya yi ritaya ba a taɓa kayar da shi ba. Wanda zai rubuta tarihi wajibi ne ya san abin da wannan magana take nufi a cikin wannan sana'a, don kada ya yaudari mai karatunsa.

Da farko dai, kokawar zamani ba ta da hukuma guda ta duniya. Kowane babban kamfani yana da nasa kambun, kuma kowa na kiran nasa na duniya. A Amurka kaɗai, a shekarun da Power Mike ke tashe, akwai manyan kambuna uku. Na ƙungiyar NWA, wadda aka kafa a 1948, ya bi ta hannun Dory Funk ƙarami da Harley Race da Jack Brisco da Terry Funk. Na AWA yana wurin Verne Gagne mafi yawan lokacin. Na WWWF, wadda ita ce ta rikiɗe ta zama WWE ta yau, Bruno Sammartino ya riƙe shi daga 1963 zuwa 1971, ya sake karɓa daga 1973 zuwa 1977. Sunan Power Mike ba ya cikin jerin waɗannan. Nasa kambun ɗaya ne daga cikin da yawa da ake da su a sassan duniya.

Na biyu, wannan kokawa ta bambanta da tamu ta gado tun daga tushe. A fagenmu babu wanda ya san mai kaye sai an yi. A tasu kuwa, masu shirya wasa sukan tsara wanda zai ci tun kafin a hau dandamali. Wannan ba zargi ba ne. A 1989 kamfanin WWF da kansa ya shaida wa majalisar dokokin Jihar Niyu Jasi ta Amurka cewa abin da yake yi nishaɗantarwa ne, ba gasa ba, don a cire shi daga ƙarƙashin hukumar da ke sa ido kan dambe.

To, shin wannan ya rage wa Power Mike daraja? Ni dai ban ga haka ba. Ƙusar da ya lanƙwasa a Kano ba ta san wani shiri ba, haka ma ƙartin da ya ɗaga. Kuma ko an tsara ƙarshen wasa, faɗuwar ta gaske ce, nauyin na gaske ne, karaya ma ta gaske ce. Masambula ɗin nan da muka ambata, a 1975 aka wurga shi kusurwar dandamali a wani wasa a Ingila, kusurwar ba ta da kyau, ya ji raunin da ya raba shi da sana'ar har abada. Daɗin daɗawa, masu shirya wasa 'yan kasuwa ne, ba sa ɗora kambu a kan wanda ba zai cika musu fili ba. Idan aka bar mutum yana ci shekara da shekaru, shaida ce cewa shi jama'a ke biyan kuɗi su gani.

Mu marubuta ma ya kamata mu fi kowa fahimtar wannan, domin sana'ar 'yar'uwar tamu ce. Wasan kwaikwayo ne da ake yi da tsoka. Akwai jarumi, akwai mugu mai ha'inci idan alƙali ya juya baya, akwai lokacin da jarumi zai galabaita har a fid da rai, sa'an nan ya yunƙuro. Wanda ya karanta Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa ya san daɗin wannan zubi. Ba mu ce wa Ingawa maƙaryaci don ya san ƙarshen labarinsa tun kafin ya fara. Abin da ba daidai ba shi ne mai rubuta tarihi ya ɗauki kirari ya shigar da shi a matsayin hujja. Kirari yana da wurinsa, hujja tana da nata.

DAGA FAGE ZUWA SHIRYA WASA

A 1976 Power Mike ya ajiye kokawa, yana da shekara 37 a duniya. Hausawa na cewa, a bar kaza cikin gashinta, kuma gwani shi ne wanda ya san lokacin sauka tun ana marmarinsa. Bai bar harkar ba, sai dai ya sauya kujera. Ya kafa kamfaninsa mai suna Power Mike International Promotions, ya shiga kawo 'yan kokawar ƙasashen waje Nijeriya. A nan yaron da aka tura Anaca koyon kasuwanci ya nuna cewa karatun bai zube ba.

Ta hannunsa 'yan Nijeriya suka ga Mil Mascaras ido da ido, mutumin Meziko mai rufe fuska, wanda ma'anar sunansa ita ce abin rufe fuska dubu. Ta hannunsa aka ga Mighty Igor, da Carlos Colon, da Chris Adams, da Michael Hayes, da wasunsu. Waɗannan sunaye su ne suka cika bakin yara a shekarun 1980, har kowace unguwa tana da nata Mayiti Igo. A bayansa kuma wasu 'yan ƙasa suka taso, irin su Power Uti, wanda ko sunansa ka ji ka san inda ya ɗebo shi.

Irin wannan kasuwanci da kuɗin waje ake yin sa, domin baƙon da ka gayyato da dala za ka sallame shi. A farkon shekarun 1980 naira ɗaya ta fi dala ɗaya daraja. Daga 1986, da aka shigo da shirin tsuke bakin aljihu aka karya darajar naira, lissafin ya juye. Ga kuma kaset na bidiyo, daga baya ga tauraron ɗan'adam, sun kawo wa mutane Hulk Hogan har ɗaka. Wanda zai ga manyan Amurka a gidan kallo da 'yan sulalla, da wuya ya sayi tikitin filin wasa. Haka kasuwar ta yi ta ja da baya.

Power Mike ya rasu ranar 11 ga watan Maris, 2004, a Babban Asibitin Ƙasa da ke Abuja, bayan doguwar jinya, yana da shekara 64. Hanyar da ya share ba ta toshe ba. A 2021 Apollo Crews, wanda mahaifinsa ɗan Jihar Binuwai ne, ya ci kambu a babban bikin WrestleMania. Omos, haifaffen Legas, ya shiga sahun ƙartin WWE, Oba Femi kuma ya ci babban kambun sashen NXT na kamfanin a farkon 2025. Sai dai su kamfanin can ne ya gina su. Shi kuwa daga gareji ya gina kansa, ya kuma jawo duniya ta zo ta same shi a gida.

ABIN DA MAƘWABTA SUKA YI

Kafin mu rufe, bari mu leƙa Jamhuriyar Nijar. A 1975, shekara ɗaya kafin Power Mike ya sauka, gwamnatin Saini Kunce ta shirya gasar kokawar gargajiya ta ƙasa ta farko a Tawa, wadda ake ba zakaranta takobi. Yakuba Kantu na Maraɗi ne ya fara ɗaukar takobin. Bayansa aka yi su Salma Ɗan Rani na Doso, da Kadade na Tawa, da Langa-Langa na Damagaram, har zuwa Isaka Isaka na Doso, wanda ya ɗauki takobinsa na 6 a Agadas a watan Disamba na 2023. A yau filin kokawa na Maraɗi sunan Kantu yake ɗauke da shi, na Doso sunan Salma, na Damagaram sunan Langa-Langa. Yaron da aka haifa bayan mutuwar Kantu ya san shi, domin yana wucewa ta ƙofar filin.

Mu a nan me ya riƙe mana sunayen mazajenmu? Makaɗa. Ba don Ɗan Anace ba, da mutane nawa ne za su san Shago a yau? To, amma wanda bai dace da makaɗi ba fa? Kowace gunduma ta ƙasar Zazzau ta yi 'yan kokawar da suka gagari kaye a zamaninsu, suka tsufa suka mutu, sunansu ya bi su kabari. Idan har mutum irin Power Mike, wanda jaridu suka buga, talabijin ta nuna, zai ɓace daga bakin yara cikin shekaru 20 da rasuwarsa, ina ga gwanin ƙauye wanda ganga kaɗai ta san shi?

KAMMALAWA

Kirana ga 'yan'uwa marubuta, musamman masu tasowa, shi ne mu faɗaɗa gonarmu. Labarin soyayya yana da masu yi, tarihin sarakuna da malamai ma an yi ana kuma yi. Tarihin ɗan dambe da ɗan kokawa da direba da bakanike shi ne ke kwance babu mai ɗagawa. Kayan aikin kuwa suna kusa da mu. Tsofaffin kofe na Gaskiya Ta Fi Kwabo da New Nigerian suna nan a ɗakunan ajiya na Kaduna, ga ɗakin karatu na Kashim Ibrahim a Samaru. Waɗanda suka fi waɗannan muhimmanci su ne dattawan da ke zaune a tashoshin mota da garejin Sabon Gari, na Kano da na Zariya, waɗanda suka ga abubuwan nan da idonsu. Takarda tana jira, amma tsoho ba ya jira.

Idan mun je gare su, mu tafi da ladabi, mu kuma tafi da ma'auni. Mu rubuta kirarin a matsayin kirari, mu rubuta abin da ya tabbata a matsayin abin da ya tabbata. Kuma kada mu ce wannan ba namu ba ne don sunansa Okpala. Neni ta haife shi, amma Kano ce ta ba shi fagen farko da 'yan kallon farko, saboda haka muna da rabo a cikin labarinsa, da daɗinsa da ɗacinsa.

Allah Ya ba mu ikon faɗar gaskiya da rubuta ta, amin.